Yadda Za Ki Ka Da Tsohuwa Tim Daga Bayan Katanga

Darasin nan kyauta ne, kuma ga alkawarina: duk wadda ta bi matakan nan bi da bi, cikin kwana goma za ta ka da tsohuwa, ta raba ɗa da ubansa, ta fitar da magidanci daga gonar kakanninsa, ba tare da ta ɗaga hannu ko ta ɓata zanenta ba. Ba a bukatar ƙarfi, ba a bukatar lakwal, wato karatun boko. Kalma guda ake nema mai harafi uku, da katanga mai ɗan tsawo.

Ba ni na ƙago dabarar ba. A tashar Dogon Dutsi na tsince ta farkon daminar bara, a bakin wani direba mai suna Jibrilla da ke jigilar Dumega. Wai a can wani ɗan kasuwa, Zakari ɗan Ɗanmalam, ɗaya daga cikin samarin nan masu gemu da ɗagaggen wando, ya ɗaga kakarsa Inna Gomma, tsohuwar 'yar bori, ya maka ta da ƙasa tim, don ta ƙi zubar da kayan iskokinta. Wai uban ya rantse ranar Juma'a mai zuwa, a gaban dangi, zai cire shi daga gandu ya kore shi daga gida, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, ga ruwan shuka ya sauka.

Shekara goma sha ɗaya na koyar a Dumega kafin in aje alli. Zakari a bencin gaba ya zauna a ajina, yaro ne da in ƙuda ya faɗa cikin tawada sai ya tsamo shi da tsinke. Wannan ba hujja ba ce, na ga masu tsamo ƙuda sun girma sun zama abin da suka zama. Kalmar ce ta tsaya mini a wuya. Na san Gomma, na san jikinta. Na shiga mota don in je in ji yadda aka yi ta ce tim. Abin da na koyo a hanya shi ne na jera miki.

Mataki na ɗaya: Kada ki kuskura ki gani

Ido ɓata labari yake yi. Wadda ta gani ba ta rabuwa da «sai dai» da «ban tabbata ba», za ta tuna rana ta haske mata fuska, za ta tuna akuya ta gitta. Kunne ba shi da wannan ciwo. Ki samu katanga ki zauna a gindinta da ɗan aikin hannu, don kada a ce laɓe kike.

Gwanar da za ki yi koyi da ita Zalihatu ce, maƙwabciyar Gomma. Ranar Talatar da abin ya faru, da hantsi, tana tankaɗe a gindin katangar da ta raba gidajensu. Ta ji sallamar Zakari. Ta ji tsohuwa ta amsa da tsokanar da ta saba yi wa jikanta, tana kiransa maigidanta. Ta ji tim. Ta ji shiru. Ba ta tashi ba sai da ta gama tankaɗenta, kuma a nan gwanintar take. Da ta zagaya, Zakari ya riga ya fita, tsohuwa na kwance a ƙofar ɗaki. Ta tambaye ta abin da ya faru. Gomma ta ce mata ta je ta tambayi katangarta, tunda da ita ta saba hira.

Mace mai rauni da ta tsaya a nan. Zalihatu ta ɗauki guga ta nufi rijiya.

Mataki na biyu: Zaɓi kalmar da ke da nauyi

A nan sai kin ɗan yi haƙuri da tsohuwar malama.

An koya mana, mu ma muka koyar, wai irin waɗannan kalmomi kwaikwayon ƙara ne kurum, abin yara da mutanen ƙauye. Lokacin da aka gwada karantar da Hausa a ƙananan azuzuwa, wani sufeto ya ja mini jan layi a ƙarƙashin «zumbur», ya rubuta a gefe da Faransanci cewa wannan hayaniya ce, ba kalma ba. Allah ya jiƙansa. Shekara talatin ke nan ina jiran wanda zai gaya mini ƙarar da mutum yake yi in ya tashi tsam, ko in ya tsaya cak, ko in ya sulale sululu. Babu ƙarar komai. Jiki ne a cikin kalmar, da nauyinsa da saurinsa da inda ya fito.

Ki gwada. Ki ce «zumbur» a tsakiyar mata wajen suna, ki dubi kafaɗunsu. Ki ce wane ya taho tinƙis-tinƙis, kin faɗi nisan hanya da zurfin rairayi da kayan da ke kansa. Ki ce ya shigo saɗaf-saɗaf, kin riga kin kira shi ɓarawo, kuma ko a gaban jandarma ba za a kama ki da kalmar sata ba.

To, faɗuwa. In kin ce tsohuwa ta faɗi kika yi shiru, za a ce Allah ya sawwaƙe, a koma zancen tsadar taki. In kin ce ta zube yaraf, tausayi za ki samu, a tambaya ko ta karya kumallo. Sululu na ciwo ne. Ragwajab dariya yake jawowa, kada ki taɓa shi. Tim kaɗai ke zuwa da mai laifi a goye, domin ba abin da ke cewa tim sai mai nauyi, kuma sai ya fito daga sama. Wanda ya ji tim, kafin ki rufe baki, ya fara neman wanda ya kai tsohuwa saman.

Mataki na uku: Sa jikinki ya yi rantsuwar

Mutanenmu sun yarda cewa wanda ke da ƙarar abu yana wurin da aka yi abin. Ban san wanda ya fara gaya musu haka ba, amma ki ci moriyarsa. Kada ki faɗi tim hannunki na cikin zane. Ki ɗaga tafuka biyu har kafaɗa, ki sake su, ki ɗan durƙusa, ki runtse ido.

Sau uku Zalihatu ta yi mini shi ranar da na isa, kowane ya fi na baya kyau. Na tambaye ta me ta gani.

«Madam, ni kau da kunnena nig gani. Hak ƙasa ta motsa ƙarƙashin kujerata.»

Wannan ta faɗi gaskiya, kuma ki riƙe shi, za mu dawo kansa.

Mataki na huɗu: Saka labarin a mota

Kada ki wahalar da kanki da ƙari. Kalmar da kanta za ta haifi 'yan uwanta, da baya da baya, kamar mai jan igiyar guga. Na bi sawunsu tasha tasha. A rijiyar Dumega tim ne kaɗai. Kafin mota ta bar Tibiri an sami cak, wai ya ɗaga ta cak. Wanda za a ɗaga cak kuwa sai an cafke shi, sai wuf ya shigo. Mai yin wuf ba ya shigowa gida da sallama, saboda haka aka cire sallamar da Zalihatu ta ji da kunnenta, aka ce ya shigo fuu. Ko da labari ya iso Dutsi ya cika, fuu, wuf, cak, tim, ya fi wasan rediyo tsari. Wata ma'aikaciya da ke jiran mota ta dafe ƙirji ta ce da Faransanci «se grav», wato abin ya yi muni, ta ɗauko wayar salula ta tura wa 'yar uwarta a Yamai.

Na zauna gidan gaba kusa da Jibrilla, na tambaye shi wa ya ga cak ɗin. Ya dube ni da tausayi, kamar yadda nake duban yaron da ya maimaita aji.

«Haba Madam, ke da kinka yi lakwal. In ba a ɗaga ta ba, ta ina tim za shi hito?»

Tambayarsa ta fi tawa kyau, amsarsa ce kawai ta yi gaggawa.

Mataki na biyar: Bar kowa ya ga abin da yake so a ciki

Labarin da ya yi wa ɓangare guda daɗi, ɗaya ɓangaren ke kashe shi. Naki ya zama na kowa. 'Yan bori suka ce ga irinta nan, addinin samarin zamani ya kai ga dukan kakanni. Waɗansunsu suka ce a'a, doguwar gidan, iskar da Gomma ke yi wa hidima, ita ce ta yi fushi da aka bar mai zaginta yana shiga yana fita, ita ta ka da tsohuwa. Abokan Zakari da fari suka ce iskokinta ne suka juya mata baya. Da malaminsu ya yi wa'azi a kan haƙƙin iyaye, bai kama suna ba, amma sahu uku suka waiwaya suka dubi Zakari, daga ranar kuma aka fara barin ɗan fili tsakanin kafaɗarsu da tasa. An tuna cewa shekara biyu da suka wuce ya taɓa roƙon kakar ta rabu da kayan nan, ita kuwa ta jefe shi da ludayi. Kowa ya ce ai dama.

Kin ga an yi gardama a kan wanda ya ka da ta, an yi gardama a kan dalili. Tim kam ba wanda ya taɓa shi.

Mataki na shida: Dogara da shirun waɗanda suka sani

Wannan ba a hannunki yake ba, amma ba ya ƙin zuwa. Masu gaskiya sukan sami dalilin yin shiru, kuma dalilinsu yakan fi naki kyau.

Na tarar da Zakari a shagonsa, ba mai saye ko guda. Ya miƙe tsaye ya harɗe hannu kamar yana aji, mutum mai 'ya'ya biyu. Ya ce bai taɓa ta da mugunta ba, Allah ne shaidarsa. Na ce to me ya ce tim. Ya dubi ƙasa ya ce an ɗaure masa baki, kuma wadda ta ɗaure shi ita kaɗai ke iya kwancewa. Na tuna masa jibi Juma'a, na tambaye shi inda zai kai matarsa Kausar da yara, da abin da za su ci baɗi in bai yi shuka bana ba. Ya ce Allah na nan. Na ce na sani, ina tambayar inda shi zai kasance.

Ubansa Ɗanmalam ya ce mini sau uku ya tambayi yaron nan, sau uku yaron nan ya sunkuyar da kai, shi kuwa ba zai ci tuwon gandu guda da wanda ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu ba. Ya ce an ɓoye wa Inna zancen rantsuwar, don likita ya ce jininta na hawa.

Sai na je wurin Gomma. Wanda bai san ta ba, ga ta: shekara hamsin in ana wasan bori daga Dumega har Geceme, ita ake aika wa goro. In goge ya yi daɗi iskarta ta hau, takan yi tsalle ta dira da mazaunai, abin da suke kira jifa, ta tashi ta sake, ba ta taɓa ko targaɗe ba. Mace ce da ta yi suna da faɗuwa da gangan. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana cin goro da sauran haƙoranta. Ta ce Madam ta tsufa. Na ce na biyo sawunta. Ba ta tashi ta ɗebo mini ruwa ba, da haɓa ta nuna mini randa, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Da na ambaci labarin ta yi dariya, ta ce na doguwar ya fi mata daɗi, a bar shi haka.

Abu uku na gani kafin in fito. Karnen likita, wato ɗan littafin asibitinta da ke soke a azara, ya ce nauyinta kilo talatin da tara. A tsakar gida, taki huɗu daga ƙofa, hatsi ya tsiro cunkus wuri guda, inda ba mai hankalin da zai yi shuka. A ƙuryar ɗaki kuma akwai buhu, gindinsa da sabon ɗinki na shuɗin zare, ɗinkin namiji.

Mataki na bakwai: Guji tsohuwar da ba ta da aikin yi

Duk abin da kika gina, mutum guda ke iya rushe shi, wato wanda zai ce a sake yi a ji. In kin hango irinsa, ki ce kina da tuwo a wuta.

Zalihatu ba ta hango ba. Ranar Alhamis bayan la'asar na zaunar da ita a gindin katangarta, a kujerarta, da rariyarta a hannu. Na ce za a yi ta ka da abubuwa a gidan Gomma, in ta ji irin ƙarar ranar ta yi magana. Ɗanmalam ya ce wannan wasan yara ne, shi dattijo ne. Na ce dattijon da zai yanke hukunci gobe ba ya rasa ƙarfin ɗaukar dami yau. Ya tuɓe babbar riga yana gunaguni.

Ya saki damin kara. Daga bayan katanga Zalihatu ta ce ba ita ba ce, wannan ko kaza ba ta razana ba. Ya saki jarka ba ruwa, ta ce wannan ai kwangaram ne, kada a raina mata kunne. Na sa aka ɗaure itace a tsohon zane, muka auna da hannu ya yi kamar nauyin Gomma, ya ɗaga har ƙirji ya saki. Ta ce ragwajab. Gomma na kallo daga ƙofa, ta ce ashe itace muka maishe ta, to mu ƙara kirare biyu, ta fi haka tsada.

Sai na nuna masa buhun. Gomma ta daina tauna. Ɗanmalam ya jawo shi, ya saɓa a kafaɗa da kyar, na tsayar da shi a kan tsiron nan na ce ya saki.

«Ita ta! Wallahi ita ta, an sake ka da ta!»

Zalihatu ta zagayo da gudu, rariya a hannu, gari har gira. Ta tarar da tsohuwa zaune inda take, buhu ya fashe a kan shuɗin ɗinkin, hatsi ya malale a kan ɗan uwansa da ya tsiro. Ta dubi buhu, ta dubi Gomma, ta sake duban buhu. Kunya kan sa baki gudu, sai ta ce to ita dai ba ita ta ce a kori Zakari daga gandu gobe ba.

Gomma ta tambaya wa za a kora. Ta dubi ɗanta har ya sunkuyar da kai irin sunkuyon da ya hukunta nasa ɗan a kansa. Ta ce a kira mata maigidanta.

Da Zakari ya yi sallama ya tsaya, ta tofar da goron, ta gyara ɗaurin zane.

«Ku duba da kyau, ke ma mai katanga matso. Sau guda za ni yi, ba ni sakewa.»

Ta kama dogaran ƙofa ta miƙe. Ta saki. Ta yi taki guda, ta yi na biyu, ƙafar hagu ta lanƙwashe, ta tafi luu. Ɗanmalam na kusa da ita, bai ko ɗaga hannu ba. Zakari da ke nesa ya tare ta caraf, kamar wanda ya san gefen da za ta bi. Ya zaunar da ita a hankali, yana ce mata Kaka don Allah, Kaka don Allah.

Ta huta. Sannan ta ce ita ta hana shi faɗi, ta ce masa in gari ya ji ƙafarta ta mutu ba ta yafe ba. Ta ce wa ɗanta rantsuwa tana da kaffara, ya je ya tambayi yaron da zai kora, ya fi shi sanin littafin. Daga nan ta juyo wurina, muryarta ta yi ƙasa.

«Madam, kin samu abin da kinka zo nema. In kin gamu da masu goge, ki ce su bar aiko mani goro.»

Ranar Asabar na ga Zakari da ubansa a gandu, ɗaya na sara ɗaya na binnewa.

Mataki na takwas: In asiri ya tonu

Kada ki firgita. Ki ce ke dai abin da kika ji kika faɗa. Gaskiya ce, ba mai ƙaryata ki, ƙasa ta motsa ƙarƙashin kujerarki. Zalihatu har ta sami ƙarin daraja, yanzu ana cewa kunnenta ya fi sikeli, daga bayan katanga tana rarrabe buhu da itace.

Kuma aikinki ba zai lalace duka ba. Da zan koma na ba Jibrilla sabon labarin, na roƙe shi ya raba shi a inda ya raba na farko. Ya gwada shi a kan fasinjoji tun daga Tibiri. Ya ce mini caraf ba ta da nauyi, ba ta kai Dutsi, mutane barci suke yi tun kafin a zo wurin buhu. Watan jiya a wajen wani biki na ji wata na ba da labarin jikan da ya ɗaga kakarsa cak. Ta ɗaga tafuka biyu, ta ɗan durƙusa, ta runtse ido. Ta iya ƙwarai.

Mai wannan rubutu tsohuwa ce, alli ya ci mata ido. Duk wadda ta bi matakan nan gida ya watse a hannunta, ko aka daina amsa mata sallama a rijiya, ko aka tashe ta ranar gobe kiyama aka ce ta nuna da jikinta abin da ta gani, kada ta ambaci sunana. Ban san ta ba, ba ta zauna a ajina ba.

Ga abin da ya faru. Ranar Talata da hantsi Zakari ya kawo wa kakarsa buhun hatsi a kafaɗa, kamar yadda yake yi duk wata biyu. Ta tashi ta tarbe shi, ƙafarta ta hagu ta ƙi ɗaukarta. Ya saki buhun ya riƙe ta. Ba ta taɓa ƙasa ba.